Tambaya Da Amsa: An tsinci ɗan ƙanwata a hafir, mai duba ya ce wani baƙo ne

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ƙaninka ne daga wata hilla (ƙauye) a jihar Gadarif ta Sudan, dan Allah a sakaya sunana da na garinmu. Ɗan ƙanwata ne mai shekara 6 aka aika da la'asar ya kai wa babansa shayi gona lokacin yankan riɗi, tun daga nan ba a ƙara ganinsa ba, mun kwana muna yawo da tocila muna kiran sunansa, an yi cigiya a masallaci shiru, sai a rana ta uku aka ga gawarsa a hafir ɗin da muke ɗiban ruwa, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama. Manya suka ce faɗawa ya yi a rufe shi kawai, a ranar aka rufe. To amma Malam ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, wallahi na ga shaida a wuyansa kamar ta igiya, kuma hafir ɗin ba kan hanyar gonar yake ba, takalmansa ma a wani wuri daban aka tsince su. Yanzu an je wajen wani mai bugun ƙasa ya ce wai baƙo ne cikin 'yan Habasha masu ƙwadagon riɗi, samari sun ce sai sun ƙone musu bukkoki. Dattawa kuma sun ce mai gonar da ya kawo su ya yarda zai ba da kuɗi a yi sulhu a rufe maganar, kar hukuma ta zo ta tone yaro. Uwar ko magana ba ta yi. Me ya kamata mu yi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ƙanwarka da mijinta dangana.

Zan fara da samarin domin shi ne abin da ba ya jira. Ka aje mujallar nan ka je ka samu shehun hilla da liman yau ɗin nan su tare yaran, ko da za a kwana ana gadinsu ne. Me kuke da shi a hannu a kan baƙin nan? Maganar mai bugun ƙasa kawai. Hadisi ne a Muslim cewa wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40, wannan tambayar ce kawai fa, ina ga a zubar da jinin mutum a kan abin da ya zana a yashi. Kuma ka lura mana, su masu duban nan ba za ka taɓa ji sun nuna ɗan mai gari ko wani mai dangi a hilla ba, kullum baƙo ne ko tsohuwar da ba ta da kowa ko mai taɓin hankali, saboda sun san su ne ba mai tsaya musu, shi kuma ya karɓi kuɗinsa ya kwana lafiya.

Mu Hausawan Sudan ai bai kamata a ce sai an tuna mana illar ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila ba. A Yuli 2022 a jihar Nil Azrak, asalin rigimar ta ƙasa ce da sarauta amma gwamnatin jihar da kanta ta ce kisan manomi ɗaya ne ya kunna wutar, aka kashe sama da mutum 100, aka kori mutanenmu daga gidajensu a Rusairis da kewaye, zanga-zanga ta kai har Kasala da Khartum da nan Gadarif ɗinku. Oktoba ta zo aka sake a Wad al-Mahi, wajen mutum 200 suka tafi. Kakanninmu sun sauka Mai Wurno tun bayan yaƙin Burmi na 1903 amma har gobe akwai masu ce mana baƙi in rai ya ɓaci, to da wane ido za mu je mu cinna wa wasu baƙin wuta don wani ya buga ƙasa?

Ban ce lallai ba cikinsu ba ne, yana iya zama cikinsu. Amma yaro ɗan shekara 6 da ya san hanyar gonar ubansa ba kasafai yake bin wanda bai sani ba ya kauce hanya da rana ba tare da ihu ba, wanda ya saba da shi ya fi saurin jansa. Ka tuna yarinyar nan ta Kano 'yar shekara 5 da aka sace a Disamba 2021, ashe mai makarantar da take zuwa ne, har gidansu ya je jaje, bincike ne ya kamo shi lokacin da ya zo karɓar kuɗin fansa, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yuli 2022. Da iyayenta mai duba suka bi da wani bawan Allah daban aka kashe. In kuka ƙone bukkokin nan ma'aikatan za su watse, har da wanda ƙila ya ga wani abu daga cikin gona, shi kuma mai laifin in yana cikinku ya samu mafaka, kuma akwai sauran yara a hillar.

Sai maganar hukuma. Ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa ko niyaba (ofishin masu gabatar da ƙara) ka buɗe balagi, wato ka shigar da ƙara, kai kanka kana da hurumin yi tunda da idonka ka gani, amma ya fi kyau ka tafi da uban yaron. Na san yaƙin da aka fara tun 15 ga Afrilu 2023 ya rikita komai, ga 'yan gudun hijira sun cika Gadarif, aiki ya yi wa ofisoshi yawa za a yi ta ce maka dawo gobe, to ka yi ta dawowa. Ka tambayi sashen kare iyali da yara na 'yan sanda, aikinsu ke nan. Kafin ka tafi, ku da kuka yi wankan kowa ya zauna shi kaɗai ya faɗi abin da ya gani a rubuta, kar ku haɗu ku daidaita baki don lauya na jin magana ta zama iri ɗaya sak zai ce kitsa ta aka yi. Kayan da ke jikin yaron in ba a wanke ba kar a wanke, a shanya su a inuwa a naɗe a takarda, leda tana ruɓar da su. Takalman ma haka, da wanda ya tsince su da daidai inda ya tsinta. Butar shayin fa, an gan ta? Ba ka faɗa ba, kuma inda take zai iya nuna inda aka tare shi. Sannan ku zauna da yara abokan wasansa a hankali ba da tsawa ba, uwayensu na kusa, yara suna ganin abin da manya ba sa gani sai dai tsoron duka ya hana su faɗa.

Tono kuwa na san shi ne ke ɗaga wa dattawa hankali, kuma ba na raina musu, kowa na ƙin a taɓa kabarin ɗansa. Amma malamai sun halatta buɗe kabari in akwai haƙƙin da ba zai tabbata ba sai da hakan, kuma ba haƙƙin da ya kai jini. Niyaba ce ke ba da umarni likita ya duba, ba ku za ku yi ba, kuma kowace rana da ta wuce abin da likitan zai iya gani raguwa yake, don haka jinkirin nan mai laifi kaɗai yake wa amfani. Gaskiya gaggawar da aka yi wajen rufe shi kuskure ne, amma ba lokacin nuna wa juna yatsa ba ne.

Kuɗin mai gona shi ne ya fi tsaya min a rai. Sulhu da wa, a kan me? Diyya ana karɓarta ne bayan an san wanda ya yi kisan, nan kuwa ba a san kowa ba amma har an fara ciniki. Ƙila mutumin tsoro yake kar ma'aikatansa su gudu riɗinsa ya zube a gona, wanda ya san riɗi ya san ba ya jira, in ya bushe ya fashe shi ke nan. Ƙila kuma akwai wanda yake rufa wa asiri. Ko wanne ne kar ku karɓa, kuma ka faɗa wa mai bincike an yi muku wannan tayin. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, kisan da aka yi wa mutum ta hanyar yaudara aka ja shi inda ba kowa, Risala ta ce babu afuwa a cikinsa, ba na dangi ba ne balle su yafe, kuma a irinsa ne Sayyidina Umar ya ce da mutanen San'a duka sun haɗu a kai da ya kashe su gaba ɗaya. Dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ita ta bar ƙofar afuwa a buɗe, kisan ganganci hukuncinsa kisasi ne, in ya faɗi sai ɗaurin da bai wuce shekara 10 ba tare da diyya, kuma afuwar wasu daga cikin magada ta isa ta kayar da kisasin. Shi ya sa nake jaddada maka kar a zaunar da uban a gaban manya cikin zafin rashi a sa shi dangwala hannu a wata takarda. Magada su ne masu jinin, uwar tana ciki, ba dattawan hilla ba. In kuma likita ya gano an yi wa yaron wani abu kafin a kashe shi, Dokar Yara ta 2010 za ta shigo, can sace yaro ko yi masa fyaɗe yana kai mutum ga kisa ko ɗaurin shekara 20.

Ƙanwarka kuma kar a bar ta ita kaɗai, ko da dare, a samu mahaifiyarku ko wata yayarta ta dawo ɗakin da kwana. A daina ce mata ai ke kika aike shi, kowa a ƙauye aiken yara yake. Kuma a daina yanke magana a zaure ita tana ciki sai dai ta ji a bakin mata, ka shiga da kanka ka gaya mata za ka je niyaba da dalilin zuwan. In kun buɗe balagin ka sake rubuto min da lambarsa ta ofishin mujalla, zan nema maka lauyan da ke zaune a Gadarif.