Kafin ka biya mai binciken asali, fara zama da tsofaffin gida

Wani ɗan'uwa haifaffen Sudan, wanda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya kora zuwa Alƙahira, ya aiko da tambaya. Ya ce kakan mahaifinsa daga ƙasar Kano ya taso da niyyar hajji zamanin zuwan Turawa, ya yada zango a Sudan, bai sake komawa ba. Yanzu yana so ya ɗauki ƙwararren mai binciken asali ya gano masa dangi, in da hali har ya samu takardun Najeriya. Me ya kamata ya tanada kafin ya biya?

Malam, Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Irin labarin gidanku ba baƙo ba ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, jama'a da yawa sun nausa gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna kusa da Sinnar a Sudan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wasu kuma alhazan ƙasa ne da guzuri ya ƙare musu a hanya.

Shawarata ita ce kada ka fitar da ko sisi tukuna. Mai bincike, komai ƙwarewarsa, da abin da ka ba shi zai yi aiki. In ka ce masa "Muhammadu ɗan Abdullahi daga Kano", ba ka ba shi komai ba, domin Bahaushen wancan zamani ba ya ɗaukar sunan zuri'a, kuma Muhammadu ɗan Abdullahi ba ya ƙirguwa. Ka nemi mafi tsufa a danginku, musamman gwaggwanni da kakanni mata, don su ne suka fi riƙe irin wannan. Ka naɗi muryarsu a waya, ka bar su su yi ta zuba, kada ka katse su. Tambaye su laƙabin mutumin, sana'ar gidansu, ko marina ne, maƙera, majema ko malamai. Wane ƙauye ko unguwa yake yawan ambata? Wane sarki ke kan gado lokacin da ya fito? Yana da tsaga a fuska, guda nawa, a ina? Da waɗanne mutane yake wasan taubasantaka? Tsohuwar da za ta ce maka "bille ɗaya ne a kumatunsa na hagu, kuma kullum zancensa kasuwar Kura" ta rage wa mai bincike tafiyar wata guda. A duba cikin gafakar Alƙur'anin gida ma, mutanen da sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon littafi.

Sannan ka san abin da takardu za su iya ba ka. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da hukumar tarihi da al'adu ta Kano suna da rahotannin gundumomi da na haraji tun zamanin En'e. Sai dai hakimai da dagatai suka fi fitowa a ciki, talaka ba kasafai ake rubuta sunansa ba. Shi ya sa nake fifita mai binciken da ke karanta Larabci da ajami, wanda kuma zai taka har ƙauyen ya gaida dagaci da liman da masu unguwanni, a kan wanda zai tsaya a ɗakin karatu kawai. Gwajin ƙwayoyin halitta kuwa ba zai faɗa maka sunan gari ba.

Idan kun zo ciniki, a rubuta tambaya ɗaya tak, kamar "wane gari Malam wane ya fito, kuma akwai sauran zuri'arsa?" Ka ba da kafin alƙalami kaɗan, sauran kuɗin kashi-kashi, kowane kashi bayan ya turo hoton takardar da ya gani da lambar fayil ɗinta, ko muryar wanda ya zanta da shi. A yarda tun farko cewa aikinsa kake biya, ko ya samo ko bai samo ba. Wanda ya ɗauki alkawarin haɗa ka da gidan sarauta tun bai fara ba, ka rabu da shi.

Batun takardun ƙasa daban ne, kada a haɗa maka su a ciniki ɗaya. Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Sashe na 26 kuma ya buɗe ƙofar rajista ga wanda kakansa ko kakarsa ɗan ƙasa ne. Kai kakan mahaifinka kake magana, kuma ya fita tun kafin 1960, saboda haka lamarinka na buƙatar lauya da ofishin jakadancin Najeriya da ke Alƙahira. Kada ka yarda kowa ya saya maka takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ta bayan fage, domin in aka gano, za ta iya jawo maka tuhuma, ta kuma ɓata neman da kake yi na gaskiya.