Sun ɗauki nauyin rawata a galari, yanzu na ga kaina a tallar kambas

Tambaya: Barista salam, ni 'yar Kaduna ce ina rawar zamani da nake haɗawa da takun koroso. Wata galari (gidan baje kolin zane-zane) a Legas ta gayyace ni wasa na minti 20, wani kamfanin kayan wasanni ne ya ɗauki nauyi, suka bani kambas da riga na saka, aka biya ni dubu 400. Yanzu na ga bidiyona a shafinsu na Instagram an yanka shi zuwa sakan 15 an canza kiɗan an sa farashin takalmi, ko sunana babu. Akwai abin da zan iya yi?

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata. Akwai, amma kafin komai dan Allah kar ki hau Instagram ki fara zaginsu tukuna, in kika faɗi abin da ba za ki iya tabbatarwa ba su ne za su juyo su ce kin ɓata musu suna, sai reshe ya juye da mujiya.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta baki haƙƙi iri biyu a nan kuma mutane da yawa ɗaya kawai suke gani. Na farko ke ce kika yi wasan, doka ta ce ba a ɗaukar wasan mai wasa a bidiyo ko a yaɗa shi sai da yardarsa. Na biyu ke ce kika ƙirƙiri rawar, takun da jerin motsin naki ne, kuma doka na kare tsararriyar rawa muddin an adana ta a bidiyo ko a rubuce. Koroso kanta ta al'umma ce ba taki ba, amma abin da kika gina a kanta naki ne.

Toh ga inda gizo ke saƙa. In kin yarda a ɗauke ki a bidiyo kuma ba a yi wata yarjejeniya ta daban ba, doka na ɗauka cewa kin sallama wa wanda ya shirya ɗaukar haƙƙinki na mai wasa a kan wannan bidiyon. Shi ya sa nake son sanin waye ya kawo mai kyamara ranar, galari ce ko kamfanin, kuma me aka ce miki za a yi da bidiyon. In an ce miki na ajiya ne don tarihin galari, ko da a WhatsApp aka faɗa, wannan saƙon yanzu ya fi miki komai daraja. Ki ɗauko takardar da kika sa wa hannu ki karanta ta layi layi, sau da yawa a shafin ƙarshe ake cusa jimla ɗaya da ƙananan haruffa mai cewa kin yarda masu ɗaukar nauyi su yi amfani da hotonki a ko'ina har abada, mutum ya sa hannu a tsaye a bakin ƙofa ana kiransa ya shiga fili. Irin wannan abin yana min ciwo wallahi, domin kuɗin wasan dare ɗaya daban, kuɗin talla daban, kuma kamfanonin sun fi kowa sanin haka.

In babu takarda kwata-kwata, ba za su iya cewa kin sayar musu da rawar ba, sayar da haƙƙin mallaka ko bada izini na keɓe (wanda mutum ɗaya kaɗai zai yi amfani da aikin) ba ya inganta sai a rubuce. Abin da za su ce shi ne kin bada izini na baki ko a aikace tunda kin karɓi kayansu kin saka. Wannan hujja ce doka ta san da ita, amma izinin saka kambas a wasa bai kai izinin sayar da kambas da fuskarki ba, a nan za a fafata.

Ko da ma kin sa hannu a wancan layin, hana a cire sunanki ko a yanka aikin yadda zai taɓa mutuncinki a sana'a wani haƙƙi ne da ke nan tare da ke. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi ƙarfi a maganarki.

Yau ɗin nan ki ɗauki sikirinshot na tallar da kwanan wata da yawan masu kallo, ki adana bidiyon, alat ɗin banki, da duk hirarku, kar ki canza waya, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar bayani kan na'urar da aka ciro shaidar. Sai lauya ya rubuta wasiƙa ga galari da kamfanin a tare, tunda mai yiwuwa ke da galari kika ƙulla, ita kuma ta ƙulla da kamfanin, kar kowa ya tura ki wurin ɗan'uwansa. A wasiƙar a nemi su sauke tallar, ko su biya kuɗin amfani na wani adadin watanni su kuma sa sunanki. Kina iya kai koke ga Instagram ɗin ma su sauke, da kuma Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.

Kotun da ke da hurumi ita ce Babbar Kotun Tarayya, tana iya dakatar da tallar ta kuma sa a biya diyya, sai dai tana cin lokaci da kuɗi. Ni zan fara da sulhu, Legas na da kotun sasanci tun 2002, kuma ki duba ko takardarki ta wajabta sasanci kafin ƙara. Ki yanke wa kanki tun yanzu, so kike a sauke bidiyon ko a bar shi a biya ki, don da wannan lauyanki zai buɗe wasiƙar.