Yadda za ka cire Ubuntu ka bar Windows kaɗai

Malam, ka ce ƙaninka ya sa maka Ubuntu (wata manhajar sarrafa kwamfuta kamar Windows) kusa da Windows a laftof, yanzu kana son cire ta. Abu ne mai sauƙi, amma a bi a sannu.

Fara kwashe hotuna da takardun da ke ɓangaren Ubuntu zuwa filas, domin Windows ba ta karanta ext4, tsarin da Ubuntu ke ajiye fayiloli da shi, in ka goge sun tafi ke nan. Ka kuma cika batir. Ni a ƙauyenmu kusa da Ringim a shagon caji na yi nawa, janareta na ta ƙugi.

Kafin ka taɓa komai, shiga BIOS, wato saitin na'ura da ake buɗewa da danna maɓalli lokacin kunnawa (yawanci F2 ne, HP kuma F10), ka ɗora Windows Boot Manager, mai tayar da Windows, a sahun farko na jerin abin da na'ura ke fara tayarwa. Nan mutane ke tuntuɓe. Ni na yi gaggawa a tsohuwar na'urata, na goge kawai, da na kunna sai baƙin allo da rubutun "grub rescue". Gumi ya karyo mini! Sai da na nemo filas mai Windows na rubuta umarnin gyara bootrec /fixmbr a Command Prompt ɗinsa kafin ta tashi. Don haka ka tanadi irinsa, mai gig 8 ya isa.

Daga nan buɗe Disk Management a cikin Windows, inda ake ganin ɓangarorin diski. Ɓangaren Ubuntu ba shi da harafi irin C. Goge shi da Delete Volume, ka faɗaɗa C da Extend Volume. Ƙaramin ɓangaren nan mai suna EFI kuwa, wanda Windows ke tashi da shi, kada ka kuskura ka taɓa shi.