MRI na nuna inda ƙarfen yake ne, ba ran ƙwayoyin ba

Malam, tambayarka ita ce ko MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, zai iya bin sawun sitem sel (ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki) da aka dasa a zuciyar da ta lalace har ya nuna suna raye, don semina ɗinka a Shika. Zai nuna inda suka sauka, amma ba zai tabbatar maka suna raye ba. Su kansu ƙwayoyin ba sa fitowa a hoto, sai an fara ciyar da su ƙananan ɓurɓushin ƙarfe a lab kafin a yi allurarsu cikin tsokar zuciya, ƙarfen ne ke dagula maganaɗisun na'urar sai wurin ya fito baƙi ƙirin.

To matsalar a nan take, yawancin ƙwayoyin mutuwa suke yi ko jini ya kwashe su tun kwanakin farko, waɗanda suka mutu kuma sai makrofaj, wato masu share datti na garkuwar jiki, su haɗiye ƙarfen su zauna a wurin, kai kuma kana ganin baƙin tabo bayan makonni kana murna. An ga haka a gwajin ɓeraye da aka buga a 2007 da 2008. Kuma jinin da ya kwanta a inda tsokar ta mutu shi ma ƙarfe gare shi, baƙi yake fitowa. Ni dai a seminocin da na zauna nan ake kama mutane, don haka ka ce sai an haɗa da PET, wato hoton da ake ɗauka bayan an sa wa jiki sinadari mai fitar da radiyeshon, ko an yanka naman an duba a madubin lab kafin a yi maganar rai.