Gwajin idon ƙananan yara a ƙasar Sin: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, a Guwanju muke zaune. Ɗana lafiyarsa ƙalau, amma asibitin unguwa sun dame mu da kiran a kawo shi duba ido. Dole ne?

Amsa: Hajiya, ki riƙa kai shi. Tun 2021 hukumar lafiya ta Sin ta tsara a duba idon yaro sau 13 kafin ya wuce shekara 6: sau 2 yana jariri, sai a wata 3, 6, 8, 12, 18, 24, 30 da 36, sannan a shekara 4, 5 da 6. Yaro ba ya ƙorafin rashin gani, domin bai san yadda wasu ke gani ba. A wata 6 ana haska fitila cikin ƙwayar ido. Lafiyayyen ido ja yake dawo da hasken. In ya dawo fari, yana iya zama yanar ido ko ciwon daji, kuma wannan ba a kwana da shi.

Tambaya: Matata ta haifi bakwaini a Yiwu. Me za mu kula da shi?

Amsa: Allah ya raya, Alhaji. In nauyinsa bai kai giram 2,000 ba, ko cikin bai kai mako 32 ba, likitan ido ya duba bayan idonsa tsakanin mako 4 zuwa 6 da haihuwa. Jijiyoyin jinin wurin ba su gama tsirowa ba, suna iya bauɗewa su jawo makanta. Kada ku jira alama, daga waje ba a ganin komai.

Tambaya: 'Yata shekararta 4. Makaranta ta gwada idonta ta rubuta 4.8, wai mu je babban asibiti.

Amsa: Malama, daidai suka yi. A allon gwajinsu 5.0 ne cikakken gani. Ana tura ɗan shekara 4 in ya samu 4.8 ko ƙasa, ɗan shekara 5 zuwa sama kuma 4.9 ko ƙasa, haka ma in ido ɗaya ya fi ɗaya gani da layi biyu na allon. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, don in ido ɗaya ya raunana ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da shi, kuma gyara yana wuya in yaro ya girma. A babban asibitin za a ɗiga mata maganin da ke sassauta ido kafin awon tabarau, ganinta zai ɗan dushe na wani lokaci, kada ki tsorata. Kafin nan ki bar ta ta yi wasa a waje awa 2 kullum, kallon waya kuma kada ya wuce minti 20 a zama ɗaya.