Tambaya da Amsa: Me ya sa hayaniya ta ƙi raguwa a na'urar gwama sigina?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na haɗa na'urar gwama sigina biyu ta analog, mai auna abin da suka yi tarayya a kai, da AD633 (ɗan guntun lantarki mai ninka sigina biyu) da matatar RC (rizista da kafasita). Na ƙara lokacin da matatar ke tara sakamako daga daƙiƙa 1 zuwa 10, amma allurar mita na ta yawo, musamman da rana. Ina matsalar take? Ɗalibin injiniyan lantarki, Yelwa, Bauchi.

Amsa: Ɗan'uwa, hayaniya iri biyu ce a nan, kuma ɗaya daga cikinsu kawai tarawa take ragewa. Wadda kowane layi ke haifarwa shi kaɗai, kamar ta zafin rizista, tana raguwa a hankali: ka ninka lokaci sau 4, ta ragu da rabi. Daga daƙiƙa 1 zuwa 10, ragin sau 3 da ɗoriya ne kawai. Wadda kuwa ta shiga layukan biyu tare, na'urar ɗaukarta take a matsayin sigina, ko ka kwana kana tarawa. Galibi ta hanyar wutar da ke ciyar da amfilifayoyin take shigowa, wato hatz 50 na NEPA ko ƙazantar inbata. Ka gwada da batir, kowane layi da nasa, ka haɗe wayoyin ƙasa a wuri guda.

Sai AD633 ɗin kansa. Idan ya ninka siginonin biyu, yana raba sakamako da 10. Milibolt 10 sau milibolt 10 zai ba ka maikurobolt 10 kacal, alhali karkatar, wato 'yar wutar da yake fitarwa ko babu sigina, tana kai 'yan milibolt, kuma tana motsi da zafi. Shi ya sa allurarka ke tafiya idan ranar Bauchi ta take. Ka ɗaga kowane sigina zuwa kusan bolt 1 kafin ya shiga, ka sa kafasita a gaban kowace ƙafar shiga don tare DC, da rizista zuwa ƙasa. A matatar kuma kada ka sa kafasita mai ruwa (electrolytic), yoyo take yi. Nemi ta leda (film).

Maganin da na fi yarda da shi shi ne na masanin taurari Martin Ryle, wanda ya wallafa a 1952 don hangen taurari da rediyo: ka riƙa juya fuskar sigina ɗaya (+ ya koma −, − ya koma +), misali sau 270 a daƙiƙa, sannan ka sake juyawa bayan AD633, kafin matata. Siginar gaske za ta dawo daidai, karkatar kuwa ta soke kanta.

Kafin ka sayi komai, haɗa ƙafar shiga ɗaya ta AD633 da ƙasa ka kalli mita minti 10. Duk motsin da ka gani, daga AD633 ne zuwa gaba.