Layin da ke jikin tsabar kuɗina: karce ne ko haka aka bugo shi?

Tambaya: Malam, ina tara tsofaffin tsabar kuɗi. Ina da senti ɗaya na Amurka mai hoton Lincoln, bugun 1955. Wani siririn layi ya taso daga bakin kuɗin ya ratsa kan mutumin, kuma tsakanin B da E na kalmar LIBERTY akwai ɗan ƙullutu kamar harafin I. Lalacewa ce ko daga ma'aikata ya fito haka? Yana da wata daraja?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ka duba abu ɗaya: layin nan tudu ya yi ko rami?

Ana buga tsabar kuɗi ne da hatimi biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su matse faifan ƙarfe a tsakani. Duk abin da ya zama rami a jikin hatimi, tudu yake fitowa a jikin kuɗin. To bayan bugu dubbai hatimin kan gaji ya tsage, ƙarfen kuɗin ya kutsa cikin tsagar, sai ya fito kamar jijiya a bayan hannu. Shi kuwa karce nutsewa yake yi, sau da yawa har da ɗan ƙarfen da aka ture gefe, kuma cikinsa ya fi sauran jikin haske idan sabo ne.

Sami gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10. Riƙe kuɗin ta gefe, ka kawo fitila ɗaya daga ɓangare, kana karkata shi a hankali. Tsagar hatimi za ta yi inuwa a bayanta, launinta ɗaya da na sauran jiki, tana tafiya a karkace kamar tsagewar bango, ta hau kan harafi ta sauka ta ci gaba. Kada ka sa allura ko farce don gwaji, domin kai ne za ka yi karcen da kake tsoro.

Ƙullutun da ka gani kuwa ɓantarewa ce. Ɗan siririn ƙarfen da ke tsakanin haruffa a jikin hatimi ba ya jure bugu, sai ya ɓalle, gurbinsa ya cika. Wannan na tsakanin B da E sananne ne har ana ce masa BIE, kuma ya yawaita a sentin shekarun 1950. Idan ɓantarewar ta kai bakin hatimi, wani yanki ya fita gaba ɗaya, za ka ga dunƙule marar zane manne da baki. Juya kuɗin: daidai bayan wurin zanen zai yi rauni, saboda ƙarfe ya tafi cike gurbi. In bayan ya fito tas, yi shakka, ta yiwu dalma ce ko gam wani ya ɗiga.

Hujjar da na fi yarda da ita ita ce samun ɗan'uwansa. Hatimi ba ya daina aiki ranar da ya tsage, don haka akwai wasu kuɗin masu layi iri ɗaya a wuri ɗaya, wani gajere, wani ya yi tsawo saboda tsagar tana ƙaruwa. Da irin haka masu nazarin tsabar kuɗi Leroy Van Allen da George Mallis suka rarrabe nau'o'in dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan. A cikinsu akwai bugun 1888 na ma'aikatar birnin New Orleans da tsaga ta ratsa fuskar matar da ke jikin dalar, wanda masu tarawa ke nema ruwa a jallo.

Batun daraja, kada ka sa rai da yawa. Ƙananan tsaga da BIE suna da yawa, ɗan abin da suke ƙarawa bai taka kara ya karya ba; babban yanki na baki ne ko nau'in da ya yi suna ke kawo kuɗi. Naka dai ka bar shi da launinsa, kada ka goge ko ka wanke, ka sa shi a 'yar leda ta ajiye tsaba wadda ba ta da nau'in robar da ake kira PVC, ka rubuta shekara da wurin da tsagar take.